Rumbun Mai Masauki: Tallafin Dogaro da Kai a Garuruwan da Suka Karɓi 'Yan Gudun Hijira

 

Shugaban taro, iyayenmu sarakuna da masu gari, malamai, iyaye mata, ma'aikatan agaji da ke cikinmu, ɗalibai, ina gaishe ku gaba ɗaya, ina kuma godiya da kuka bar harkokinku kuka zo.

An ɗora mini magana a kan shirye-shiryen tallafi da koyar da sana'o'i, da yadda suke taɓa abincin mutanen da suka karɓi 'yan gudun hijira. Batun yana da faɗi, don kuwa akwai irin waɗannan al'ummomi tun daga Bangaladash har Kolombiya. Ni dai zan tsaya kusa da gida, a kudancin Nijar, jihar Maraɗi da jihar Diffa, inda mutanen arewacin Najeriya suka tsallaka suka sauka hannun 'yan uwansu. Zan ɗan leƙa gabashin Afirka, saboda can ne masu bincike suka fi zama suka auna abin da lissafi.

A watannin farko na 2019 ne mutanen ƙauyukan Sabon Birni da Isa da Raba a jihar Sakkwato, da wasu daga Zamfara da Katsina, suka fara kwarara cikin jihar Maraɗi, suna tsere wa 'yan bindiga. Kafin shekarar ta fita an yi wa dubun-dubatarsu rajista, akasarinsu mata da ƙananan yara. Babu sansanin da ke jiransu, babu tanti, babu kati. Ƙauyukan bakin iyaka na Gidan Runji da Madarunfa ne suka buɗe musu zaure. Ku kuma lura da lokacin. Da yawansu sun iso ne da bazara zuwa faɗuwar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, maigida yana ƙirga damman da suka rage yana lissafin ko za su kai shi kaka. A wannan halin ne gidan da ke ɗora tukunyar mutum goma ya koma ɗora ta mutum ashirin. Kafin motar farko mai tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya ta iso, manomin Gobir ya riga ya ba da tallafi daga geron da ya ajiye wa 'ya'yansa. Shi ne mai agaji na farko, kuma a cikin masu agajin duka shi kaɗai ne babu wanda ya rubuta abin da ya kashe.

Ba abin mamaki ba ne da suka yi haka. Wanda ya baro Sabon Birni ya sauka ƙasar Tsibiri bai je baƙon wuri ba. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka yi ta yawo har suka kafa Tsibiri, kuma daga Tsibirin ne wani reshe na gidan sarautar ya koma yamma ya kafa Sabon Birni. Ita ma Maraɗi, sarakunan Katsina da jihadi ya raba da birninsu ne suka mayar da ita mazauninsu. Wato garuruwan da ke karɓar masu hijira a yau, masu hijira ne suka ɗaga su. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta raba haraji da tuta, amma ba ta raba auratayya ba. Shi ya sa mai masauki a nan sau da yawa kawu ne, ko suruki, ko abokin cinikin kasuwar mako. Wannan zumuncin shi ya ceci rayuka. Shi ne kuma ya ɓoye nauyin, domin Bahaushe ba ya fitowa fili ya ce ɗan'uwansa ya yi masa nauyi.

Muna cewa baƙo raɓa ne. To, wannan baƙon hantsi bai ɗauke shi ba. Na Diffa sun haura shekara goma, na Maraɗi sun haura biyar, sansanin Minawao na arewacin Kamaru kuwa tun 2013 yake nan. In zama ya yi tsawo haka, magana ta wuce ta wurin kwana da tuwon dare, ta koma ta gona da rijiya da itacen girki da gurbi a aji da rumfa a kasuwa. Dukkansu kuwa tun kafin zuwan baƙi ba su ishi masu gari ba. Maraɗi na cikin jihohin da gona ta fi matsi a Nijar. Binciken lafiyar iyali na 2012 ya nuna cewa a matsakaici mace a jihar tana haihuwar 'ya'ya sama da takwas, kuma kowa a zauren nan ya san abin da ke samun gonar gado in an raba ta tsakanin jikoki.

Tun 1986 wani masani ɗan Ingila mai suna Robert Chambers ya ja hankali ga talakawan masu masauki, waɗanda asararsu ba ta shiga rahoton kowa. Hujjarsa ba ta da wuyar ganewa: masu masauki ba mutum ɗaya ba ne. Mai babbar gona ya samu 'yan ƙwadago da arha. Mai shago ya samu masu saye. Mai gidan haya da mai mota da ɗan bokon da ya samu aiki a ƙungiyar agaji, duk kakarsu ta yanke saƙa. To, wanda ƙwadagon ne abincinsa fa? Da shi ake zuwa nema har gida ranar noma, yanzu mutum biyar ke tsaye bayansa, kowanne a shirye yake ya karɓi rabin kuɗin, don mai yunwa ba ya tayawa. Matar da ke sayar da itace, da kafin hantsi ta dawo da kayanta, yanzu sai azahar. Mai sayen hatsi tiya-tiya shi ke fara jin tashin farashi. Binciken da aka yi a yankin Kagera na Tanzaniya, wanda ya karɓi mutanen Burundi da Ruwanda a 1993 da 1994, ya nuna haka ɗin: a dunƙule yankin ya ci moriya, amma 'yan ƙwadagon gona su suka fi shan wuya.

Saboda haka duk lokacin da aka ce da ni shiri kaza ya amfani masu masauki, sai in tambaya: wanne daga cikinsu? Ma'aunin da zan riƙe a wannan zama shi ne rumbun mafi talaucinsu. In ya ƙaru, shirin ya yi aiki. In bai ƙaru ba, yawan waɗanda aka yaye da yawan takardun shaidar da aka raba ba su gamsar da ni.

Gaskiya ne duniya ta farga, ko da a makare. Tsarin da shi ne a killace baƙi a sansani, a kai musu abinci da ruwa da magani, ƙauyen da ke gefe yana leƙe ta bayan waya. Daga sanarwar New York ta 2016, sannan yarjejeniyar duniya kan 'yan gudun hijira ta Disamban 2018, aka amince a rubuce cewa rage wa masu masauki nauyi yana cikin manyan manufofi. Bankin Duniya ya ware dala biliyan 2 domin ƙasashe matalauta masu karɓar baƙi, kuma a 2018 Nijar ta samu shirin PARCA na dala miliyan 80, wanda sunansa ma ya haɗa 'yan gudun hijira da masu masaukinsu. Yuganda ta kafa ƙa'idar cewa kashi 30 cikin 100 na ayyukan agaji ya tafi ga 'yan ƙasa da ke maƙwabtaka da baƙin. Wannan duk ci gaba ne, ban raina shi ba.

Akwai kuma shaida mai ƙarfi cewa kuɗin da ya shiga hannun baƙo ba ya kwana a hannunsa. A 2016 wasu masana tattalin arziki suka fitar da binciken da suka yi a sansanonin 'yan Kwango da ke Ruwanda. Suka tarar cewa baligi guda da ake ba tallafin tsabar kuɗi na dala 120 zuwa 126 a shekara, yana ƙara wa tattalin arzikin kewayen sansanin, cikin tazarar kilomita 10, dala 205 zuwa 253. Ta ina ƙarin ya fito? Baƙuwa ta karɓi kuɗi ta sayi wake wurin 'yar gari, 'yar gari ta biya mai niƙa, mai niƙa ya ɗinka wa ɗansa riga. A Kakuma ta ƙasar Kenya, sansanin da aka buɗe tun 1992 a cikin busasshiyar ƙasar Turkana, Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa zaman baƙin ya ɗaga tattalin arzikin yankin da kashi 3.4 cikin 100, kuma wani bincike na 2018 ya ƙirga ƙananan sana'o'i sama da 2,000 a sansanin. Daga nan nake ganin cewa wani lokaci hanya mafi sauri ta tallafa wa mai masauki ita ce a sa wa baƙonsa kuɗi a hannu. Buhun da aka ɗauko daga ƙetare ba ya saya wa manomin gari komai. In ma baƙin suka fitar da wani ɓangarensa kasuwa don su sayi kayan miya da sabulu, sai ya karya farashin abin da manomin ya noma.

Sai dai akwai sharaɗi. Kuɗi yana yin wannan aikin ne in kasuwa tana da inda za ta ɗebo kaya. In hanya ta toshe, kuɗi mai yawa ya bi kaya kaɗan, tsada kawai za a samu, kuma talakan garin da ba ya cikin jerin masu karɓa shi zai biya. Maraɗi kuwa numfashinta yana haɗe da Jibiya da Katsina da Kano. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, daidai lokacin da baƙi ke kwarara, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023, sai a farkon 2024 aka ɗage takunkumin. Duk wanda zai auna tasirin wani shirin tallafi a yankin cikin shekarun nan, bai sa wannan a lissafi ba, awonsa bai cika ba.

Yanzu bari in zo kan abin da aka fi sani da sunan tallafin dogaro da kai, wanda kuma ya fi damuna. Kun san yadda yake tafiya. A zaɓi mata hamsin, talatin da biyar baƙi, sha biyar 'yan gari, a koya musu ɗinki ko haɗa sabulu da man shafawa na wata uku, a yi biki, a miƙa wa kowace keken ɗinki ko kayan haɗi, a ɗauki hoto. Niyyar mai kyau ce, kuma ma'aikatan da ke yin aikin na san da yawansu suna wahala a kai tsakani da Allah. Amma a ce ƙauyen yana da teloli uku tun da can, waɗanda su ma sai da azumi da lokacin bukukuwa suke ganin aiki sosai. An ƙara musu hamsin. Yawan yadin da mutanen ƙauyen ke iya saye bai ƙaru da ƙyalle ɗaya ba. Abin da zai biyo baya a bayyane yake: kuɗin ɗinki ya faɗi, tsofaffin telolin nan uku, waɗanda masu masauki ne, su rasa abincinsu, sabbin kuma su ga keken ba ya kawo komai, in yaro ya kwanta ciwo a kai shi kasuwa a sayar. Rahoto zai ce an samar wa mutum hamsin sana'a, alhali an raba ɗan cinikin mutum uku ne ga mutum hamsin da uku.

Laifin ba na matan ba ne, ba kuma lalaci ba ne, kamar yadda wasu ke saurin cewa. An fara ne daga abin da ya fi sauƙin koyarwa da sauƙin ƙirgawa, ba a fara daga abin da kasuwa ke nema ba. Da an zauna da sarkin kasuwa da dillalai da matan da ke fitar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli an tambaye su abin da ake nema ba a samu, da abin da ake zuwa saye daga nesa, da an ji amsar da ba ta cikin takardar aikin. Mai gyaran famfon tuƙa-tuƙa, mai gyaran farantin hasken rana, mai yi wa awaki da kaji rigakafi, mai ajiye albasa ko wake har su yi daraja, waɗannan ayyuka ne da suke buɗe sabon ciniki ba tare da sun ƙwace na wani ba.

Diffa ta koya mana wannan darasin da tsada. Ƙidayar 2012 ta ba jihar mutum ƙasa da dubu 600, amma bayan hare-haren Boko Haram a Bosso da birnin Diffa a Fabrairun 2015, da kwashe mutane daga tsibiran tafkin Cadi, da harin Bosso na Yunin 2016, sai da masu gudun hijira na waje da na cikin gida suka kai kusan dubu 250. Ƙalilan ne suka shiga sansanin Sayam. Sauran suka zube cikin garuruwa da gefen babbar hanyar ƙasa mai lamba 1. Arzikin jihar kuwa abu biyu ne ke riƙe da shi: tattasan da ake nomawa a bakin kogin Komadugu, da bandar kifin tafki, dukkansu kuma Najeriya ake kai su. Da aka kafa dokar ta-ɓaci a 2015, sai aka hana hawa babur, aka hana cinikin tattasai da na kifi, aka taƙaita takin zamani, bisa hujjar cewa mayaƙan suna cin moriyarsu. Hanin tattasai sai a 2017 aka ɗage shi, na kifi sai a 2019. Ba na raina dalilin tsaro, rayukan sojoji da na farar hula ake magana. Amma ku dubi lissafin: a shekarun da ƙungiyoyi ke raba awaki da ɗan jari, ƙofar da ke ciyar da dubban gidajen masu masauki tana kulle. Babu wani shirin koyar da sana'a da zai cike gurbin kakar tattasai guda. Sa hannun hukuma a takarda ɗaya ya fi tarin ayyukan agaji tasiri a rumbun mutumin bakin Komadugu, ranar da aka hana da ranar da aka sake.

Akwai kuma batun jerin sunaye, wanda masu garin da ke zaune a nan sun fi ni saninsa. An ce a kawo sunan gidaje ashirin mafi talauci a garin da gidaje ɗari biyu ke fama. Kowane suna aka rubuta, an bar tara. Matar da ta ba baƙuwa ɗaki ta ci da ita wata shida, tana gani baƙuwar ta samu kati ita ba ta samu ba. Ba za ta yi fushi da ɗan bindigar da ya kori mutane ba, ba za ta yi fushi da ofishin da ya ƙayyade adadin ba, don ba ta taɓa ganinsu ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Mai gari da baƙuwar su za su sha. Ta haka tallafin da aka kawo don zaman lafiya yake iya tsinka zumuncin da ya riga shi aiki. Ina roƙon ma'aikatan agaji abu ɗaya a nan: gidan da ya saukar da baƙi ya zama yana da matsayi sananne a cikin ƙa'idojin zaɓe, a kuma karanta ƙa'idojin a bainar jama'a kafin a rubuta suna ko ɗaya.

Muna da abin koyi a tarihin da muke karantar da 'ya'yanmu. Da Muhajirai suka isa Madina, mutanen garin, wato Ansaru, suka nemi a raba gonakin dabinonsu tsakaninsu da baƙin. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai amince ba, aka daidaita a kan a yi aiki a raba amfani. Abdurrahman ɗan Aufu kuma, da ɗan'uwansa na Madina ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, hanyar kasuwa ya nemi a nuna masa. Mun fi ba da wannan labari don yabon karamcin Ansaru, kuma sun cancanci yabon. Ni abin da ke jan hankalina shi ne an kare tushen dukiyar mai masauki daga karamcinsa shi kansa, aka kuma ɗora zaman a kan aiki da ciniki.

A Diffa ɗin dai, akwai ayyuka biyu da nake ganin sun kama wannan hanya. Ɗaya shi ne yankan filaye. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda a Nijar ake kira HCR, ta haɗa kai da ma'aikatun magajin gari a wurare irin su Diffa da Shetimari da Maine-Soroa da Ngigmi, da kuɗin Tarayyar Turai, aka yanka sabbin unguwanni bisa doka. Masu asalin gonakin suka samu kasonsu na filaye masu takarda, ma'aikatar magajin gari ta samu nata da za ta sayar ta samu kuɗin shiga, aka ba mabuƙata sauran, baƙi da 'yan gari. Aka ja ruwa, samarin gari da na baƙi suka samu aikin buga bulo da gini. Ɗayan kuma shi ne gas na girki. An raba wa dubban gidaje tukunyar gas mai kilo 6, aka kuma jawo kamfanin gas ya kafa wuraren cikawa a jihar, tun da matatar man Damagaram da ta fara aiki a 2011 tana samar da shi. Amfanin bai tsaya ga masu kati ba. Da wurin cikawa ya zo kusa, duk mai iya saye ya samu, itatuwan da ake sarewa suka ɗan huta, mata suka rage shiga daji mai haɗari. Abin da ya haɗa ayyukan biyu shi ne sun bar wani abu a garin da babu mai tambayarka takardar hijira kafin ka amfana da shi, kuma ko baƙi sun koma gida gobe yana nan.

Da irin wannan tunanin aka kafa garuruwan tsugunarwa a jihar Maraɗi, Ɗan Daji Makau da Garin Kaka da Cadakori, inda maimakon a gina sansani aka saukar da baƙi a gefen ƙauyukan da ke nesa da iyaka, aka ƙara ajujuwa da wurin shan magani da famfuna da rumfunan kasuwa domin kowa. Nisantar da baƙi daga iyaka yana cikin yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969, kuma hikima ce. Amma mafi yawan baƙin ba su koma can ba. Sun zauna a ƙauyukan bakin iyaka, kusa da dangi, kusa da gonakin da suke fatan leƙawa in an samu sarari. Ke nan nauyi yana wuri ɗaya, gine-gine suna wani wurin. Ƙauyen da ya fara buɗe rumbunsa a 2019 ya cancanci rijiyar burtsatse ko da babu allon wata ƙungiya a bakin hanyarsa.

Wani abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake zuwa Maraɗi da dabarun dogaro da kai kamar ba a nan aka haifi wasunsu ba. Asusun mata na ajiya da rance da ake yi yanzu a ƙasashe masu yawa, a nan jihar ya fara a 1991, lokacin da ƙungiyar CARE ta ɗora a kan adashen da iyayenmu mata suka saba, aka kira shi Mata Masu Dubara. Dabarar barin kututturen gawo da sabara da kalgo su tofo a gona maimakon a tumɓuke su, a nan manoma suka raya ta tun shekarun 1980, har ta mayar da itace kan hekta kusan miliyan 5 a kudancin ƙasar. Habbanaye na Fulani, inda ake ba mutum aron dabba ya riƙe 'ya'yanta ya mayar da uwar, ya girmi kowace ƙungiya, kuma jar akuyar Maraɗi mai yawan haihuwa ta dace da shi. In baƙuwa da 'yar gari suna zuba kuɗi a akwati ɗaya kowane mako, kowace tana son ɗayar ta yi ciniki, don rancen da ke hannunta kuɗinsu ne su duka.

Gwamnatin Nijar ma tana da abin nunawa. A cikin shirinta na tallafa wa gidaje matalauta da sefa dubu 10 a wata, an gwada ƙara wa mata jarin sefa dubu 80 a dunƙule, tare da ƙungiyar ajiya da mai bibiya da horon ciniki da zaman wayar da kan gari gaba ɗaya. Sakamakon da aka buga a mujallar Nature a 2022 ya nuna cinikinsu da cin abincin gidajensu sun ƙaru. Ba 'yan gudun hijira aka yi wa gwajin ba, talakawan karkara ne, wato irin masu masaukin da nake magana a kansu. Kuma babu wanda ya zaɓar wa matan sana'a.

Dole in taɓo inda muke a yanzu. Bayan juyin mulkin 2023 wasu masu ba da taimako sun janye ko sun rage. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan taimakonta na ƙetare, daga baya ta rushe hukumar USAID, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya kuma suka shiga rage ma'aikata da rabon abinci. Baƙin kuwa suna nan, don abin da ya kore su bai kau ba. Duk buhun da aka rage a rabo, a rumbun mai masauki za a nemi cikonsa, kamar yadda aka yi a farko. Saboda haka ɗan abin da ya rage a hannun ƙungiyoyi ya kamata a kashe shi da tunanin ranar da motarsu za ta daina zuwa. Famfon da aka gina, wa ke karɓar kuɗin ruwa, a hannun wa asusun gyara yake, akwai makaniki a garin? Ajin da aka ƙara, malaminsa yana cikin albashin gwamnati ko na ƙungiya? Gonar da mai gari ya ba baƙi aro, an rubuta iyakarta da wa'adinta a gaban hukumar filaye, ko an bar wa 'ya'ya rigimar da za ta tashi bayan shekara goma? Ku masu gari da magadan gari kuna da ikon yin waɗannan tambayoyi tun ranar da aka zo neman izininku, kuna kuma da ikon cewa a dakata har sai an amsa.

Ɗalibai kuma, ku da ke neman batun kundin kammala karatu, alƙaluman da na kawo muku na awon riba da asara yawancinsu na Ruwanda ne da Kenya da Tanzaniya. Ku je Gidan Runji ku zauna damina guda, ku rubuta kuɗin ƙwadagon yini, da farashin tiyar gero, da nisan da mace ke yi kafin ta haɗa kan itace, a ƙauyen da ya karɓi baƙi da wanda bai karɓa ba.

Shugaban taro, a nan zan dakata, in bar sauran lokacin ga tambayoyi.